Sarkin Da Ya Hana Binne Gawa: Sharhi A Kan Wasan "Antigoni" Na Sofokilis

Wani abin da ke yawan rage wa rubuce-rubucen matasan marubutanmu armashi, a wasan kwaikwayo ne ko a ƙagaggen labari, shi ne yadda suke gina mugu. Tun daga shafin farko za ka tarar an shafa masa baƙin jini. In attajiri ne, to marowaci ne kuma manemin mata. In basarake ne, to mashayi ne. In kishiya ce, to gidan boka ne wurin wuninta. Mai karatu ba shi da sauran aiki, sai ya naɗe ƙafa ya jira ranar da dubun mugun za ta cika. Saboda haka ne na ga ya kyautu in kawo wa 'yan'uwa wani tsohon wasa na Girkawa, waɗanda malamanmu na zaure suka fi sani da Yunanawa, domin mu ga yadda wani gwani ya ɗauki mutum mai hankali, mai hujja a hannu, ya bi da shi taki-taki har ya zama azzalumi a gaban idon masu kallo. Sunan wasan "Antigoni", mawallafinsa kuwa Sofokilis mutumin birnin Atina.

An haifi Sofokilis wajen shekara ta 496 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, a wani ƙauye da ake kira Kolonus kusa da Atina, ya rasu wajen shekara ta 406 yana da kimanin shekara 90. Ya rubuta wasanni fiye da 120, amma guda 7 kaɗai suka iso gare mu cikakku. A shekara ta 468 ya fara cin gasar wasan kwaikwayo ta birnin, inda ya kayar da babban gwanin zamanin, wato Askilus. Abin da ya fi shafar maganarmu a tarihinsa shi ne, mutum ne da ya san ɗacin kujera. Ya riƙe muƙamin ma'aji na kuɗin da biranen ƙawance ke biya wa Atina, kuma yana cikin sarakunan yaƙi 10 da aka zaɓa tare da Perikilis lokacin yaƙin tsibirin Samos. Manazarta sun fi ajiye wasan "Antigoni" wajen shekara ta 441, wato daidai wannan tsakani. Don haka wanda ya rubuta maganganun sarki a wasan nan ya zauna inda ake yanke hukunci, ya ji yadda masu mulki ke magana in sun tsorata.

Yana da kyau mai karatu ya san irin dandamalinsu. A fili ake wasan, a gindin tudun tsakiyar birni, lokacin bikin shekara-shekara na gunkinsu Diyonisus, dubban mutane na kallo. 'Yan wasa masu magana 3 ne kacal, dukkansu maza, suna sauya abin rufe fuska su fito a matsayin mutane daban-daban, har da mata. Sai 'yan amshi su 15 masu waƙa da rawa tsakanin fitowa da fitowa. A wannan wasan dattawan gari ne. Ba a nuna kisa a dandamali, sai dai ɗan aike ya zo ya ba da labari. Wasan gaba ɗaya a waƙe yake, layukansa kuwa kimanin 1,350 ne, bai kai rabin ƙaramin littafin soyayya ba.

Ga labarin a taƙaice. A birnin Tebes, 'ya'yan tsohon sarki Idifus maza biyu, Etiyokilis da Polinaikis, sun yi jayayya a kan gadon sarauta. Polinaikis ya tafi birnin Argos ya ɗebo mayaƙa ya zo ya kewaye garinsu mai ƙofa 7. Aka kori mahara, amma 'yan'uwan biyu suka kashe juna. Sarauta ta faɗa hannun kawunsu Kiriyon, ɗan'uwan mahaifiyarsu. Washegarin yaƙi ya sa aka yi shela: Etiyokilis da ya mutu yana kare gari a yi masa jana'iza ta girma, Polinaikis da ya kawo wa gari wuta a bar gawarsa a fili tsuntsaye da karnuka su ci, wanda duk ya binne shi ko ya yi masa kuka, hukuncinsa jifa. 'Yar'uwar mamatan, Antigoni, ta nemi 'yar'uwarta Ismeni su je su suturta shi, Ismeni ta ji tsoro. Antigoni ta tafi ita kaɗai ta watsa wa gawar ƙasa. Aka kama ta, sarki ya sa aka toshe ta da rai a cikin kogon dutse, duk kuwa da cewa ita ce wadda aka yi wa baiko da ɗansa Haimon. Wani makaho mai duba, Tiresiyas, ya zo ya tsoratar da shi, ya janye hukuncinsa, amma ihu bayan hari: Antigoni ta rataye kanta, Haimon ya soke kansa a gefenta, matar sarki Yuridisi ta ji labari ita ma ta kashe kanta. Aka bar Kiriyon da rai.

Wanda ya ji wannan taƙaitawa zai ce ai magana ta ƙare, ga mugun sarki ga baiwar Allah. Sai ka buɗe littafin za ka ga Sofokilis bai sauƙaƙa wa kowa ba. Jawabin farko da Kiriyon ya yi wa dattawa jawabi ne na mai kishin ƙasa. Ya nuna cewa ba a sanin halin mutum sai an ɗora masa mulki, cewa shugaban da tsoro ya hana shi faɗin gaskiya ba shi da amfani, kuma wanda ya fifita ɗan'uwa ko aboki a kan garinsu bai cancanci a duba shi ba, domin gari shi ne jirgin da kowa ke ciki, in ya nutse ba sauran zumunci. Wa zai ƙi wannan magana? Su kansu mutanen Atina ba su ƙi ta ba. Kimanin shekara 100 bayan haka, a shekara ta 343, fitaccen mai jawabin nan Demostinis ya sa an karanta wannan jawabi na Kiriyon a gaban shari'a a matsayin misalin yadda ɗan ƙasa nagari ya kamata ya kasance, domin ya kunyata abokin gabarsa Askinis, wanda a dā ɗan wasa ne kuma ya sha fitowa a matsayin Kiriyon ɗin.

Hatta hana binne maci amanar ƙasa ba baƙon abu ba ne ga masu kallon farko. A dokar Atina, wanda aka samu da cin amanar gari ba a binne shi a cikin ƙasarsu. Masanin tarihi Tusididis ya kawo labarin cewa ƙasusuwan Temistokilis, gwarzon da ya ci musu yaƙin Salamis a shekara ta 480, a ɓoye danginsa suka dawo da su gida, saboda an zarge shi da cin amana. Ke nan lokacin da Kiriyon ya faɗi shelarsa, akwai da yawa a cikin taron da suka gyaɗa kai. Mu tuna kuma, jiya-jiyan nan aka gama yaƙi, gawarwakin 'ya'yan talakawan Tebes ba su gama sanyi ba, wanda ya jawo musu bala'in kuwa ɗan gidan sarauta ne. Da Kiriyon ya yi masa jana'izar girma don ɗan 'yar'uwarsa ne, ai da an ce son kai ya yi.

Sai dai kuma akwai tazara tsakanin dokar Atina da shelar Kiriyon, kuma a cikin wannan tazara wasan yake. Dokar ta ce a fitar da gawa bayan iyaka, inda dangi za su iya zuwa su rufe abinsu. Kiriyon kuwa ya ajiye gawar a bayan gari ya sa masu gadi, don a tabbatar ta ruɓe a idon jama'a. Girkawa suna ganin barin gawa a fili babban abin ƙyama ne. Babbar waƙarsu ta yaƙi, "Iliyad" ta Homa, ba da cin gari ta ƙare ba, ta ƙare ne da tsohon sarki Piriyam ya je ya durƙusa wa wanda ya kashe ɗansa yana roƙon gawa, aka ba shi ya yi mata jana'iza. A shekara ta 406 ma, bayan mutanen Atina sun ci wani yaƙin teku a Arginusa, sun yanke wa sarakunan yaƙinsu 6 hukuncin kisa domin hadari ya hana su tsamo mutanensu daga ruwa. Mu kam ba ma bukatar dogon bayani a nan. Wanda ya san labarin Habila da Ƙabila, da hankakan da ya nuna wa ɗan'adam yadda ake tona ƙasa, ya san cewa suturta mamaci ya girmi kowace sarauta.

To, ga mutum mai rabin gaskiya. Yaya marubuci zai kai shi ƙasa? A nan ne na fi son 'yan'uwa su lura, domin Sofokilis bai ƙara wa Kiriyon wani mugun hali daga waje ba. Bai sa shi ya sha giya ba, bai sa shi ya ƙwace gonar kowa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya riƙa turo masa mutane ɗaya bayan ɗaya, kowane na da kusanci da shi fiye da na baya, kowane kuma in ya tafi sai ka ga dalilin sarki ya ƙanƙance.

Na farko mai gadi ne, talaka mai surutu, wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya kawo mugun labari. Ya shigo yana kewaye-kewaye, yana ba da labarin yadda ya yi ta tsayawa a hanya yana shawara da zuciyarsa, ya je ko ya koma. Akwai ban dariya a nan, kuma dariyar na da aiki: ta nuna mana tun da wuri cewa mutane tsoron sabon sarkin suke. Da ya faɗi cewa an watsa wa gawa ƙasa ba a ga sawun kowa ba, sai shugaban dattawa ya ce anya ba aikin alloli ba ne? Nan take Kiriyon ya harzuƙa, ya ce kuɗi aka ba wasu, akwai masu yi masa zagon ƙasa a gari. Ba shi da shaida ko ɗaya. Wannan ne taki na farko: mai mulkin da bai iya tunanin wani zai saɓa masa don Allah ba, sai dai don an toshe shi.

Da aka kawo masa mai laifin, sai ya tarar ba 'yan tawaye ba ne, yarinya ce ta cikin gidansa. Ta amsa laifinta ba gardama, ta ce ta ji shelar, amma shelar ɗan'adam ba ta kai ta ture dokokin da ba a rubuce suke ba, waɗanda ba wanda ya san ranar da aka kafa su. Me Kiriyon ya mayar mata? Ba ka ƙara jin maganar jirgin da kowa ke ciki. Abin da ya dame shi yanzu shi ne, in ta tsira da wannan, to ita ce namiji shi ne mace. Ya kuma haɗa da Ismeni a hukuncin, hujjarsa kawai ya gan ta a cikin gida a ruɗe. Maganar da ta fara da "gari" ta koma "ni".

Fitowar da ta fi kowace ƙarfi a wurina ita ce ta Haimon. Yaron ya shigo da ladabi, ya fara da cewa shi na mahaifinsa ne, ba auren da ya fi masa shiriyar uba. Sa'an nan a hankali ya ce shi yana jin abin da talakawa ke faɗa a ɓoye, wanda ba mai iya faɗa a gaban sarki: gari na tausayin yarinyar nan. Ya kawo misalin itatuwan bakin rafi, wanda ya rusuna wa ambaliya ya tsira da rassansa, wanda ya ƙi a tumɓuke shi da saiwa. Uban ya ce, ashe yaro ne zai koya mini hankali? Daga nan Sofokilis ya sauya salo, ya bar dogayen jawabai ya koma layi ɗaya-ɗaya, wannan ya jefa wannan ya mayar, kamar 'yan dambe. A cikin wannan zafin ne Kiriyon ya furta abin da ya rushe jawabinsa na farko, inda ya tambaya ko gari ne zai gaya masa yadda zai yi mulki, ya kuma nuna cewa gari mallakar mai sarauta ne. Ɗan ya ba shi amsa cewa, to, da jejin da ba kowa ya fi dacewa da sarautarsa. Duk marubucin da ke son koyon rubuta faɗa tsakanin ɗa da uba, ya karanta wannan fitowa sau uku. Ba inda Haimon ya fara da rashin kunya. Uban ne ya yi ta tura shi har ya kai shi bango.

Akwai wani ɗan abu da ake saurin wucewa bayan fitar Haimon. Shela ta ce jifa, amma Kiriyon ya sauya hukunci zuwa toshewa a kogo da ɗan abinci, wai don kada alhakin jininta ya hau kan gari. A nawa ganin akwai dalili na biyu da marubucin ya bar mana mu tsinta da kanmu. Jifa aikin jama'a ne, sai an sami hannuwan da za su ɗauki duwatsu, sarki kuwa yanzu ya ji cewa hannuwan nan ba lalle su ɗagu ba. Kogo kuwa dogarai biyu sun isa.

Na ƙarshe shi ne makaho Tiresiyas, yaro na jansa. Ya ce tsuntsaye sun rikice, wutar yankansu ta ƙi ci, domin karnuka da tsuntsaye sun watsa naman gawa a wuraren ibadarsu. Kiriyon ya sake komawa waƙarsa ta kuɗi, har ya yi saɓo, ya ce ko gaggafa za ta kai naman gadon babban gunkinsu ba zai bari a binne ba. Sai makahon ya faɗi laifin a dunƙule: ka tura mai rai ƙarƙashin ƙasa, ka riƙe matacce a bisa ƙasa. Duk zubin wasan a kan wannan juyi aka gina shi, kuma marubucin ya yi haƙuri bai faɗe shi ba sai da muka gan shi da idonmu.

Bajamushen masanin falsafa Hegel ya shahara da ra'ayin cewa wasan nan karo ne tsakanin gaskiya da gaskiya, haƙƙin hukuma da haƙƙin dangi, kowane ya kama nasa ya rufe ido ga na ɗayan. Ra'ayi ne mai amfani domin ya hana mu yi wa Kiriyon kallon dodo, amma ban yarda ma'aunin ya daidaita haka ba. Makaho bai ce wa sarki kai da ita duk kun yi kuskure ba. Shi kaɗai ya ɗora wa laifi, shi ma da bakinsa ya amsa. Abin da ya daidaita a wasan hali ne: kawu da 'yar 'yar'uwarsa duk kansu ɗaya, ba mai lanƙwasuwa.

Wannan ya kawo mu ga ita tauraruwar. Wanda ya zo neman yarinya mai sanyin hali zai sha mamaki. Tun a fitowar farko, da Ismeni ta kawo uzurinta, cewa su mata ne, kuma su biyu kaɗai suka rage a gidan da masifa ta cinye, Antigoni ta yi mata kaca-kaca, ta ce ko daga baya ta so taimakawa ba ta bukata. Da Ismeni ta ce to za ta rufa mata asiri, sai ta ce ta je ta yi shela, in ta yi shiru ma za ta fi ƙin ta. Daga baya Ismeni ta yi ƙarfin hali ta zo gaban sarki ta ce a kashe su tare, Antigoni ta ture ta a bainar jama'a. Ga mai cewa don ƙauna aka halicce ta, amma ƙaunar duk ta matattu ce, 'yar'uwarta mai rai ba ta samu ko kaɗan ba. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Antigoni ta riƙe wannan ga Polinaikis, ta manta da shi ga Ismeni. Da marubucin tsoro ne ya kama wannan labari, da ya goge mata wannan kaifi don masu kallo su so ta. Sofokilis ya bar shi, domin ya san mai laushin hali ba ta fita bayan gari ta tunkari masu gadi, har sau biyu.

A jawabinta na ƙarshe akwai wurin da ya daɗe yana ba manazarta ciwon kai. Ana shirin tafiya da ita kogo, sai ta ce da miji ne ko ɗa ya mutu ba za ta saɓa wa gari haka ba, domin ana sake miji ana sake haihuwa, amma wanda iyayensa suka rasu ba ya sake samun ɗan'uwa. To, ina dokar da ba a rubuce ba, wadda ta shafi kowace gawa? Babban marubucin Jamus Gete ya faɗa a shekara ta 1827 cewa zai so wani masani ya tabbatar da cewa cusa wannan wuri aka yi. Asalin hujjar kuwa tana cikin littafin tarihi na Herodotus, inda Sarkin Farisa Dariyus ya ba matar wani bafade mai suna Intafanis zaɓin mutum ɗaya da za a bar mata da rai daga danginta, ta zaɓi ɗan'uwanta da wannan dalili. A can hujjar ta zauna, domin ceton mai rai ake magana. A bakin Antigoni ta karkace, tun da binne gawa ba ya dawo da ɗan'uwa. Amma Aristotil, wanda ya zo bayan Sofokilis da ƙasa da ƙarni guda, ya san layukan a matsayin na wasan, har ya kafa misali da su. Ni ina tare da masu cewa a bar su inda suke. Yarinya ce da dattawa suka gama gaya mata ita ta jawo wa kanta, ba ta ga wata alama daga allolin da ta yi dominsu ba, ana janta zuwa kabari ba aure ba haihuwa. Mutum a wannan hali ba ya yin magana irin ta alƙali. Duk hujjar da hannunsa ya kai gare ta kamawa yake. Rauninta a nan ya fi taɓa ni bisa jawabinta na gaban sarki.

Ga marubutan soyayya kuma akwai abin dubawa. Antigoni da Haimon taubasai ne da aka yi wa baiko, shi kuma a kanta ya mutu, amma ko sau ɗaya ba su haɗu a dandamali ba. Ita ba ta ambaci sunansa ba, in ban da layi ɗaya wanda tsofaffin kwafe-kwafen hannu ma a bakin Ismeni suka sa shi. Shi kuma a gaban uba bai ce yana sonta ba, maganar adalci da amfanin uban ya yi ta yi. Sai bayan ya fita a fusace dattawa suka rera waƙa a kan ƙarfin so, muka gane abin da ke ci masa rai. Wani gwanin zamanin, Yurifidis, ya rubuta nasa "Antigoni" wanda ya ɓace. Daga ɗan bayanin da ya saura, a nasa an aura wa Haimon ita har sun haihu. Sofokilis ya ƙi bin wannan hanya, kuma haɗuwarsu ɗaya tak da muka ji labarinta ita ce ta cikin kogo, gawa rungume da gawa.

Wasan bai rasa inda ya yi rauni ba. Juyawar Kiriyon ta yi sauri ƙwarai. Mutumin da ya yi ta taurin kai tun farko, makaho na fita, cikin 'yan layuka ya koma yana tambayar dattawa abin da zai yi. Ana iya cewa tsoro ne ya karya shi, ba nadama ba, amma duk da haka ɗan wasan da zai fito a wannan wuri sai ya yi da gaske. Ismeni ta ɓace daga tsakiyar wasa ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Yuridisi kuwa ba mu san da ita ba sai dab da ƙarshe, ta fito ta yi magana layi 9, ta saurari ɗan aike, ta juya ta shiga gida. An kawo ta ne kawai don a ƙara wa Kiriyon kaya, kuma ɗinkin ya fito fili. Sai dai ko a nan gwani gwani ne: ba ta yi kururuwa ba, ba ta ce uffan ba, dattawa da ɗan aike suka tsaya suna tambayar juna ma'anar wannan shiru, mai kallo kuwa gabansa na faɗuwa.

Akwai kuma maganar jerin aiki. Dattawa sun ce wa sarki ya je ya saki yarinyar, ya kuma binne gawar. Shi kuwa sai ya fara da gawar, aka wanke abin da ya saura, aka ƙona bisa al'adarsu, aka tara ƙasa, kafin ya nufi kogo. Wasan bai gaya mana ko da ya fara da kogon zai same ta da rai ba. A fili yake marubucin na son abin da ya fi tayar da hankali ya zo a ƙarshen labarin ɗan aike, amma abin ya kuma dace da mutumin: ko a wajen gyara, bai san wanda ya fi gaggawa tsakanin mai rai da matacce ba. A ƙidaya, Antigoni ta bar dandamali tun ana saura kusan kashi ɗaya cikin uku na wasan, kuma Kiriyon ya fi ta yawan magana nesa ba kusa ba. Sunan nata ne, nauyin wasan kuwa a wuyansa yake.

Marubutan baya sun yi ta komawa ga wannan labari duk lokacin da mulki ya yi tsanani. Jean Anouilh ya nuna nasa a birnin Faris a shekarar 1944, sojojin Jamus na riƙe da garin. A Afirka ta Kudu, Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona sun fito da "The Island" a 1973, inda fursunoni biyu ke shirya wasan "Antigoni" a kurkuku. Nelson Mandela ya faɗa a tarihin rayuwarsa na 1994 cewa shi kansa ya fito a wasan a tsibirin Robben, kuma a matsayin Kiriyon ya fito. A nan gida, Femi Osofisan ya rubuta "Tegonni", aka fara nuna shi a 1994, ya mai da labarin ƙasar Yarabawa a ƙarshen ƙarni na 19, ya ɗora gwamna Bature a gurbin sarki. Dabara ce mai kyau ga jigon da ya sa a gaba, amma akwai abin da ke raguwa in mai hana binnewa ya zo daga hayin teku, domin masu kallo sun riga sun yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. A wurin Sofokilis kawu ne, gawar ɗan 'yar'uwarsa ce, yarinyar amaryar ɗansa ce, kuma yana da abin faɗa.

Wanda zai yi sha'awar mayar da wasan nan Hausa, kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wani wasan Shakespeare ya kira shi "Daren Sha Biyu", zai tarar rabin aikin a sauƙaƙe yake. Fada da dattawanta, sanƙira da shelarsa, rikicin 'yan'uwa a kan gadon sarauta, auren zumunci, duk muna da kalmominsu. Wahalar tana ga waƙoƙin 'yan amshi, waɗanda ke cike da sunayen alloli da tatsuniyoyin da sai an yi wa mai kallonmu bayani, da kuma shi Tiresiyas, domin in aka kira shi boka an zubar masa da ƙimar da yake da ita a Tebes, in aka kira shi malami kuma an sa masa rigar da ba tasa ba.